Taga: A Buɗe Ko A Rufe?

'Yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi magana a kan wani abu ƙarami. Ba a rubuta shi cikin jadawalin darussa ba, ba a kuwa tambayarsa a jarrabawa, amma kowane malami ya kan yanke hukunci a kansa kowace safiya. Abin nan shi ne taga. A buɗe ta, ko a rufe? Wanda bai taɓa riƙe alli ba zai ce wannan ai ba magana ba ce. Amma wanda ya tsaya gaban yara 60 cikin watan Janairu a nan ƙasar Filato, rabinsu kuwa ba su da rigar sanyi, ya san akwai magana. In ka buɗe, yara su yi ta rawar ɗari. In ka rufe, su yi ta shaƙar numfashin juna. Gaba kura, baya sayaki ke nan.

Tushen wahalar shi ne, abu biyu mu ke nema a ɗaki, su kuwa ba su cika jituwa ba. Na fari, muna son ɗumi lokacin hunturu, da sanyi lokacin bazara. Ɗumi da sanyi kuwa sayensu a ke yi, da itace, ko gawayi, ko fetur, ko wutar lantarki. Wanda ya kashe kuɗinsa ya sayi abu ba ya son ya gudu ta taga, saboda haka sai ya rufe ko'ina ruf. Na biyu, muna son iska mai kyau, ita kuwa ba ta shiga sai an ba ta hanya. Abin da na ke so in nuna shi ne, ana iya samun duka biyun in an san dabara. Inda kuwa dabara ta ƙare, ya zama tilas a zaɓi ɗaya, to, numfashi ne a gaba, gama lafiya uwar jiki ce, babu mai fushi da ita.

Bari mu fara da numfashin kansa. Babban mutum ya kan shaƙi iska fiye da lita 10,000 a yini da dare, alhali ruwan da ya ke sha bai wuce lita biyu ko uku ba. Ruwa mu kan tace shi, mu tafasa, mu rufe bakin randa. Iska kuwa ba mai tambayar inda ta fito. Cikin abin da mu ke fitarwa daga huhu akwai wata iska da masana kimiyya ke kira kabon dayoksaid. A waje, yawanta wajen kashi 420 ne cikin miliyan. Cikin numfashin da mutum ya fitar kuwa ta kusa ninka haka sau 100. Tun a 1858 wani likita Bajamushe, Max von Pettenkofer, ya ce in ta wuce kashi 1,000 cikin miliyan a ɗaki, to, iskar ɗakin ta tsufa, ya kamata a sake ta. Ba wai wannan adadi yana kisa ba ne. Alama ce ta cewa abin da ka ke shaƙa ya riga ya ratsa ƙirjin wani.

To, ga wani ɗan lissafi da kowa zai iya yi a allo. A ce aji tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 7, tsayinsa mita 3. Iskar da ke ciki lita 168,000 ke nan. A ce kowane yaro yana fitar da lita 10 na wannan iska a awa, yara 60 sun ba da lita 600. In da a ce ɗakin a toshe ya ke kamar kwalba, da wajen minti 10 ya isa a kai iyakar da likitan nan ya faɗa. Ɗakunanmu ba kwalabe ba ne, akwai kafofi a ƙarƙashin ƙyaure da bakin kwano, saboda haka abin ba ya sauri haka. Duk da haka, darasi ɗaya minti 35 ne ko 40, muna kuwa yin uku ko huɗu kafin a fita tara. Iskar nan da ta tsufa ita ce jirgin da cututtuka ke hawa. Tarin fuka da ƙyanda da mura duk ta iska su ke bi daga wannan ƙirji zuwa wancan.

Ni a ƙauye na tashi, a hannun kakata. Ɗakinta zagayayye ne, na ƙasa, da jinka. Ba shi da taga ko ɗaya. Da hunturu ta kan hura wuta a tsakiyar ɗaki, mu kwanta kewaye da ita. Hayaƙi ya kan tashi ya ratsa ta cikin ciyawa ya fita, har in ka tsaya a waje da asuba sai ka ga kamar ɗakin yana gumi. Daga baya kawuna ya sami ɗan hali, ya gina mata ɗaki na bulo, ya yi masa rufin kwano, ya shafe shi da siminti, ya sa ƙyauren ƙarfe. Kowa ya yi ta murna. Da hunturu ya zo ta hura wutarta yadda ta saba, sai hayaƙi ya rasa hanya. Kwana biyu ta yi ta koma tsohon ɗakinta. Na ce mata, "Kaka, ga ɗakin birni kin gudu?" Ta ce, "Kai maigida, wancan ɗaki ba ya numfashi." Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta faɗi abin da littattafan kiwon lafiya ke faɗi.

Kada wani ya ɗauka ina yabon hayaƙi. Jinkar kakata baƙa ce wuluk, idonta kullum ja, tari kuwa ba ya rabuwa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki da na jin ɗumi a cikin gidaje ya jawo mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020. Abin da na ke nufi kaɗai shi ne, tsohon ɗaki yana da kafofi, kafofin nan kuwa su ke rage mugunta. Sa'ad da mu ka sami kayan gini masu toshe ko'ina, sai mu ka toshe, ba mu bar wa iska wata hanya a madadin ta dā ba.

Daga hannun kakata aka kai ni makarantar kwana ta mishan. Ɗakin kwananmu tsohon gini ne na dutse, bango mai kauri, silin can sama, da baranda gaba da baya. Tagogi suna duban juna, bisa kowace taga kuma akwai wata 'yar ƙarama mai raga. Doka ce ba a rufe ƙananan nan ko da dare. Ku tuna fa, Jos tana bisa tudu wajen ƙafa 4,000, sanyin Disamba kuwa ba ya wasa. Mun sha kai kuka wurin malamin da ke kula da ɗakin. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Yarana, bargo a ke ƙarawa, ba iska a ke ragewa ba." Ya kuwa sa aka ba kowa bargo na biyu. Ga shi, bai hana mu ɗumi ba. Ya ɗumama jikinmu ne, ya bar ɗakin ya sha iska. Bargo sau ɗaya a ke sayensa, gawayi kuwa kowane dare.

Bara aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare da ke bayan gari. Aka ba ni aji huɗu, yara 58, cikin wani sabon gini. Kwanonsa ƙasa-ƙasa ne, babu silin. Tagoginsa na gilashi ne, irin masu zamewa gefe, waɗanda ko ka buɗe su iyaka rabin ramin kaɗai ke buɗuwa. Da safe ɗakin kamar cikin randa, da rana ta take kamar tanda, gama kwano ba ya riƙe ɗumi, ba ya kuwa tare zafi. Malamar ajin dattijuwa ce, ta shekara fiye da 20 tana koyarwa. Da an shiga aji sai ta sa a rufe tagogi duka. Wajen darasi na uku sai ka ga kawuna suna rinjaya, wannan na hamma, wancan na tari, wata ta dafe goshi. Wanda ya shigo daga waje kuwa wari ne ke fara tarbarsa, mu da ke ciki hancinmu ya saba. Yaron da ya yi gyangyaɗi a kan ce masa malalaci, wani lokaci har da bulala. Wannan shi ya fi damuna, gama ina ganin laifin ɗaki ne a ke ɗora wa yaro.

Ran nan bayan an tashi na ce mata, "Mama, ko za mu riƙa buɗe tagogin nan?" Ta dube ni, ta ce, "Ɗana, ka ƙidaya masu rigar sanyi a ajin nan? Ka ga ƙurar da ke shigowa? In yaro ya koma gida da mura, wurina uwarsa za ta zo, ba wurinka ba." Maganarta gaskiya ce. Ƙurar hunturu tana busar da hanci da maƙogwaro, lokacinta ne kuma lokacin sanƙarau. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 11,000. Amma shi ma sanƙarau cunkoso ya ke so, daga numfashin wani ya ke shiga wani. Ashe rufe taga ya tare ƙura, amma bai tare cuta ba.

Sai na kawo mata wata dabara da na karanta. A 2020, lokacin cutar korona, hukumar kula da muhalli ta Jamus ta shawarci makarantunsu su riƙa buɗe tagogi wangame kowane minti 20, na tsawon minti 3 zuwa 5, sa'an nan su rufe. Su kuwa sanyinsu har ƙanƙara ya ke zubarwa. Hikimar abin ita ce, ɗumin ɗaki ba cikin iska ya ke zaune ba. Yawancinsa yana cikin bango, da daɓe, da kujeru, da jikin mutane. Iska ba ta da nauyi, ɗumin da ta ke ɗauke da shi kaɗan ne. In ka buɗe ko'ina na ɗan lokaci, tsohuwar iska ta fita, sabuwa ta shigo, bango bai kai ga hucewa ba, kana rufewa sai ɗumi ya komo. Wanda ya dafa tuwo ya san wannan: buɗe murfi ka duba ba ya sa tukunya ta huce.

Malamar ta ce a gwada. Muka naɗa monitan taga, yarinya guda da yaro guda. Tagogin gefen da iskar hunturu ke bugowa, watau arewa maso gabas, mu kan bar su a rufe muddin ana darasi. Na ɗaya gefen mu kan bar su a ɗan buɗe. A tsakiyar darasi da ƙarshensa sai a buɗe duka har da ƙofa, yara su miƙe su yi tafi su motsa jiki, sa'an nan a rufe. In an fita tara ba mai zama a ciki, ɗakin ya sha iska shi kaɗai. Marasa rigar sanyi muka matsar da su nesa da taga. Shara kuma sai an yayyafa ruwa, bayan an tashi, ba da safe yara na zaune ba. Ba ni da ma'auni, saboda haka ba zan ba ku adadi ba. Abin da idona ya gani shi ne, gyangyaɗin darasi na uku ya ragu ƙwarai, bulala ta huta, ba mu kuwa kashe ko kwabo ba.

Wannan na sanyi ke nan. Na zafi ya fi shi wuya, gama shi akwai kuɗi tsababa a ciki. A makarantar nan akwai ɗakin kwamfuta wanda iyayen yara su ka yi karo-karo su ka gyara. An sa masa iyakwandishan, an liƙe tagogi, an rataya labule mai kauri. Wutar lantarki ba ta zama, saboda haka janareta ke ja. Da watan Maris ya kama, a kan zuba yara 40 a ciki, a mai da ƙofa. Da shigarka sai ka ji daɗi. Bayan rabin awa sai kai ya yi nauyi. Mutane da yawa suna tsammani iska mai sanyi ita ce iska mai kyau, gama jiki yana jin daɗinta. Ba haka ba ne. Irin iyakwandishan ɗin nan da a ke kafawa a bango ba ya shigo da iskar waje ko kaɗan. Ta cikin ɗakin ya ke zuƙa, ya sanyaya, ya mayar. Tamkar mutum 40 ne su ke wanka da ruwan bokiti ɗaya, ana jefa masa ƙanƙara.

Na sami Hedimasta a ofis, na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin kwamfuta yana bukatar a riƙa buɗe shi." Ya ajiye alƙalami, ya ce, "Malam ƙarami, ka san kuɗin litar fetur? So ka ke in sanyaya garin nan duka?" Shi ma ba a raina maganarsa. Ran 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ƙara wa masu samun wuta sosai kuɗin lantarki daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane ma'auni. Mutumin da ke riƙe da kuɗin iyayen yara dole ya yi tsumulmula.

Muka zauna muka yi lissafi tare. Iyakwandishan matsakaici yana cin wajen wat 1,000 ko fiye. Fankar sama tana cin wajen wat 70. Watau abincin iyakwandishan ɗaya ya ciyar da fanka fiye da 10. Fanka ba ta rage zafin ɗaki, amma tana busar da gumi, jiki ya ji sanyi, tana kuwa aiki taga a buɗe. Daga ƙarshe ya yarda a raba yaran kashi biyu, a mai da darasin kwamfuta da safe sa'ad da fanka da taga sun isa, a bar iyakwandishan sai tsakar rana in zafi ya tsananta. In an kunna shi kuma a tsai da shi a digiri 25 ko 26, ba 16 ba, a buɗe ƙofa da taga tsakanin kashi da kashi. Fetur ya ragu maimakon ya ƙaru. Da na zo sallama ya ce, "Ashe taga ma tana da lissafi."

Kada mu ɗauka mu kaɗai wannan matsala ta sama. Waɗanda su ka fi mu kuɗi da injiniyoyi sun faɗa wannan rami kafin mu. A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa su ka hana sayar wa Amurka da waɗansu ƙasashe man fetur, kuɗin ganga ya ninka wajen sau huɗu. Don tsimin makamashi sai aka shiga toshe gine-gine. A Amurka aka rage iskar waje da a ke shigar wa kowane mutum a gini zuwa kashi ɗaya cikin uku na dā, watau daga wajen lita 7.5 a daƙiƙa zuwa 2.5. Ba a daɗe ba ma'aikatan ofisoshi su ka fara kukan ciwon kai, da ƙaiƙayin ido, da kasala, waɗanda ke barinsu da sun fita waje. Har aka sa wa abin suna, wai ciwon gini marar lafiya. A 1984 wani kwamiti na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce mai yiwuwa kashi 30 cikin 100 na sababbin gine-gine da waɗanda aka sabunta suna da irin wannan kuka. A 1989 Amurkawa su ka mai da adadin inda ya ke dā. Da korona ta zo kuma, a 2021 Hukumar ta ba da shawarar lita 10 a daƙiƙa ga kowane mutum a wuraren taruwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A cikin aji, abin da rufe taga ke jawowa a hankali ya ke zuwa. A gida kuwa yana iya zuwa dare ɗaya, shi ya sa ya wajaba mu koya wa yara su kai wa iyayensu. Gawayi da janareta suna fitar da wata iska dabam, kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar rai ke kama shi sau 200 da wani abu. Mai barci ba ya farkawa, gama ba ta shaƙe shi, lallaɓa shi ta ke yi. Kusan kowace shekara jaridunmu su kan kawo labarin iyali da aka fasa ƙofa aka tarar sun mutu, janareta na cikin zaure don tsoron ɓarayi, ko kaskon wuta na tsakar ɗaki don tsoron sanyi. A nan babu zancen daidaitawa. Kaskon wuta ba ya kwana a ɗaki rufaffe. Janareta waje a ke ajiye shi, nesa da taga da ƙofa kamar ƙafa 20. In ana tsoron ɓarawo a yi masa keji na ƙarfe a fili. Gara a sace inji da a ɗauki gawa.

Duk dabarun nan na buɗewa da rufewa magani ne bayan ciwo ya kama. Rigakafin yana wurin gini. A 2007 aka buga wani bincike da aka yi a asibitocin Lima, babban birnin Peru, inda tarin fuka ya yi yawa. An tarar in an buɗe tagogi da ƙofofi, iskar ɗaki ta kan sake wajen sau 28 a awa, fiye da ninki biyu na abin da a ke nema daga ɗakunan da inji ke zuƙe wa iska. A gine-ginen da aka yi kafin 1950, masu dogon silin da manyan tagogi, ta kai sau 40. A sababbi kuwa sau 17. Da na karanta wannan sai na gane ɗakin kwananmu na dutse ba don ado aka yi masa tsayi ba.

Misalin gini mai kyau ba sai mun haye teku ba. Wanda ya je Jami'ar Ibadan zai ga gine-ginen da Maxwell Fry da Jane Drew su ka tsara a shekarun 1950. Dogaye ne marasa faɗi, da baranda, da bango mai huji-huji kamar rariya, wanda ke tare rana ya bar iska ta ratsa. A Burkina Faso kuma, wani ɗan ƙauyen Gando mai suna Francis Kéré, wanda ya koyi zanen gini a Jamus, ya koma ya gina wa garinsu makarantar firamare a 2001. Da bulon ƙasa aka yi ta, mutanen gari ne su ka yi aikin. Ya ɗaga kwano bisa ƙarafa, nesa da silin, iska na wucewa tsakani, zafin da ya taru a aji ya tashi ya fita ta sama. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, wadda ta fi kowace girma ga masu zanen gini, shi ne kuwa ɗan Afirka na fari da ya same ta. Turawa a ƙasashen sanyi suna da tasu hanya. Tun 1991 aka gina wani gida a Darmstadt ta Jamus wanda ke toshe sarai, amma da wata na'ura mai fitar da tsohuwar iska ta shigo da sabuwa, tana karɓe yawancin ɗumin mai fita ta ba mai shigowa. Dabara ce mai kyau, sai dai tana son wuta dare da rana da mai gyara a kusa. Makarantar ƙauyenmu ta fi kusa da Gando.

Me ya sa na ke gaya wa malamai zancen magina? Domin a ƙauye, in iyayen yara za su ƙara aji, malami a kan kira ya zauna cikin shawara. Ran da aka kira ka, kada ka tsaya kan launin fenti. Ka roƙa a shimfiɗa ginin daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye su dubi kudu da arewa, don kada rana ta leƙo ta tagogi safe da yamma. A yi tagogi a bango biyu masu duban juna, irin masu buɗuwa gaba ɗaya. A bar kafofi masu raga a sama kusa da rufi, gama iska mai zafi sama ta ke tashi. A sa silin ko da na tabarma ne, a shafa wa kwano farin fenti, a fitar da bakinsa ya yi inuwa. A dasa itatuwa gabas da yamma. In ana tsoron ɓarawo a sa ƙarfe, in ana tsoron sauro a sa raga, amma a ƙara girman tagar, gama raga tana rage iska. Yawancin waɗannan ba su fi tsada ba, tunani kaɗai su ke so kafin a haƙa harsashi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

'Yan'uwa, ba da daɗewa ba za a rarraba mu, wani Fankshin, wani Shandam, wani can gangaren Binuwai inda zafi ke narkar da mutum. Ba mu ne za mu sa kuɗin fetur ba, ba mu ne kuwa mu ka gina azuzuwan da za a ba mu ba. Amma taga tana hannunmu. In ka shiga aji, kafin ka duba rajista, ja numfashi tukuna. In ka ga yaro yana gyangyaɗi, dubi taga kafin ka dubi bulala. Tsimi abu ne mai kyau, mu koyar da shi, mu kashe fitilar da ba a bukata, mu ƙara riga maimakon gawayi. Amma iyaye amanar 'ya'yansu su ka ba mu, ba ta ɗumin ɗaki ba. Allah ya ba mu hikimar riƙe ta. Amin.